Kwalta Tana Iya Jira, Filin Hanya Ba Ya Jira

Daga 1999 zuwa 2023 gwamnoni huɗu ne suka mulki Jihar Zamfara, uku daga cikinsu kuwa sun fito ne daga ƙananan hukumomi uku masu maƙwabtaka da juna. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi shekara 8, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya yi 8, Bello Matawalle na Maradun ya yi 4. Shekara 20 ke nan cikin 24. Duk ƙorafin da mutanen wannan yanki za su yi, ba za su ce ba su taɓa samun nasu a gidan gwamnati ba. An kuma ga alamar hakan a ƙasa: an shimfiɗa kwalta a cikin garuruwa, an yi gine-ginen gwamnati, Talata Mafara ta samu jami'ar jiha a kan kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da take da ita tun da.

Sai dai wanda ya sauka daga babban titin Gusau zuwa Sakkwato ya nufi bayan gari, inda gonakin gero da dawa ke rikiɗewa suna zama gidaje, zai ga abin da shekarun nan ba su taɓa ba. Layi zai faro da faɗinsa har mota na shiga, bayan gida goma ya tsuke sai babur, bayan wasu goma ya mutu a jikin katangar wani. Ruwan wanka yana bin tsakiyar hanya domin ba a bar masa gefe ba. Babu filin makaranta, babu na asibiti, maƙabarta ma sai an yi karo-karo an saya daga baya. Wannan shi ne awon igiya. Da shi ake gina sababbin unguwannin talakawa a garuruwan Arewa, kuma babu abin da zai hana shi cinye bakin ƙananan garuruwa irin su Dosara a ƙasar Maradun, kamar yadda ya cinye bakin manya.

Laifin gwamnatoci a nan shi ne sun mayar da aikin hanya zancen kwalta kaɗai: kilomita nawa aka shimfiɗa, wa aka ba kwangila, yaushe za a yanke ƙyalle. Alhali kwalta ita ce matakin ƙarshe, kuma mafi tsada. Matakin farko, wanda ya fi kowanne arha, wanda kuma in ya wuce ba ya dawowa, shi ne keɓe filin da hanya za ta bi tun ƙasar tana gona. Hanyar burji mai faɗin mita 30 ana iya zuba mata kwalta bana, ana iya zuba mata bayan shekara 20. Lungu mai faɗin mita 2 kuwa, ko an tara dukiyar Ƙaruna, ba ya zama titi sai an rushe gidajen mutane.

Lissafin dillali

Ba sai an nemo mugu ba kafin a fahimci yadda ake haifar lungu. Lissafi kaɗai ya isa. Manomi yana da gona hekta ɗaya a bakin gari, wato murabba'in mita 10,000. Gari ya iso shi, awakin maƙwabta sun hana shi shuka, ga aurar da 'ya'ya a gabansa. Sai ya kira dillali, a zo da igiya, mai unguwa ya zama shaida. Fuloti mai ƙafa hamsin-hamsin bai wuce murabba'in mita 232 ba. In an yanka gonar kaf ba a bar komai ba, za ta ba da fuloti 43. In kuwa aka bi shawarar hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai, wadda ke cewa a bar wa tituna aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar unguwa, fuloti 30 za a samu. Wane manomi ne zai sadaukar da kuɗin fuloti 13 saboda motar kashe gobarar da bai taɓa ganin ta shigo garinsu ba? Wane dillali ne, wanda la'adarsa ke kan yawan abin da ya sayar, zai ba shi wannan shawara?

A ɗauka ma an samu mai tsoron Allah ya bar layi mai faɗi. Gonarsa tana da iyaka, kuma iyakokin gonaki ba a miƙe suke ba, suna bin kututture da tsohuwar burtali da yadda aka raba gado. Maƙwabcinsa zai yanka tasa bayan shekara uku, da wani dillalin, da wata igiyar, layinsa ya fuskanci wani wajen. Nan titin mai tsoron Allah zai ci karo da bayan ɗakin wani ya tsaya. Daga nan masu saye su ɗora nasu: wannan ya turo katanga da taki ɗaya, wancan ya fito da dakali, na gaba ya haƙa ramin masai a waje, wani ya buɗe shago ya kafa rumfa. Kowa ya ci riba a ƙofar gidansa, unguwa gaba ɗaya ta faɗi.

Irin wannan matsala, wadda hankalin kowane mutum shi kaɗai ke kai jama'a ga asara, ita ce dalilin da ya sa ake da hukuma tun asali. Babu manomin da zai iya jan layi ya ratsa gonaki arba'in. Hukuma ce kaɗai ke da wannan iko, kuma ita ce ba ta zuwa sai an gama gini.

Garuruwan da ke kumbura

A ƙidayar 2006, kowace ɗaya daga cikin Talata Mafara da Bakura da Maradun tana da mutane wajen 200,000. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara tana ninka kanta cikin kimanin shekara 24, wato ko da zaman lafiya ake yi, wajen 2030 ana bukatar muhallin ninki biyu na mutanen da aka ƙirga. Ga shi kuwa ba zaman lafiyar ake yi ba. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna tayar da ƙauyukan Zamfara, kuma sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, a cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, ya nuna wa duniya abin da mutanen yankin suka daɗe da sani.

Wanda aka kora daga ƙauyensa gari yake nufa, musamman garin da ke bakin kwalta ko mai jami'an tsaro. Da farko zai raɓa a zauren ɗan'uwa ko a kangon da ba a gama ba. In ya ga zaman ya miƙe, sai ya sayar da abin da ya tsira da shi ya nemi fuloti mafi arha, wanda kullum yana can ƙarshen gari, inda igiya ke mulki. 'Ya'yansa za su shiga makaranta a nan, su koyi sana'a a nan, su yi aure a nan. Ko gobe aka wayi gari daji ya lafa, da yawansu sun riga sun zama 'yan gari.

Ma'anar wannan ita ce, taswirar da garuruwan nan za su rayu da ita shekara 50 masu zuwa yanzu ake zana ta, kuma dillalai ne ke riƙe da alƙalamin. Ƙananan garuruwa irin Dosara su ne suka fi kowa sauran dama, domin har yanzu gona ce ke kewaye da su, tafiyar ƙafa kaɗan ce ke fitar da mutum daga gidan ƙarshe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Madubin Kano

Wanda ke son ganin gobe ya dubi Kano. Ba rashin taswira ne ya kai ta inda take ba, domin tun farkon shekarun 1960 aka zana mata tsarin shekara 20, na 1963 zuwa 1983, wanda ake kira da sunan Trevallion. Takarda ta zauna a ofis, gari ya ci gaba da tafiya a ƙasa. Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da Ɗorayi da Rimin Kebe duk gonaki ne a lokacin da dattawan yau suke samari. Yau ɗimbin jama'a ne ke kwana a irin waɗannan unguwanni, kuma kowace safiya dukansu sai sun tsiyayo kan 'yan manyan titunan da ke fita daga birni, kamar titin Katsina, domin babu wasu hanyoyi masu faɗi da suka ratsa cikin unguwannin suka haɗa su da juna.

Maganin da gwamnatocin Kano suka kawo shi ne gadar sama: ta Ƙofar Nassarawa, ta Dangi, ta Hotoro da sauransu. Gada tana warware mahaɗa ɗaya ta tura cunkoso zuwa ta gaba, amma ba ta ƙara ko taki ɗaya a faɗin lungun da mai naƙuda ke kwance a ƙarshensa da tsakar dare, adaidaita sahu ya kasa isa ƙofar gidan. Ba ta buɗe wa motar kwashe shara hanya, ba ta samar da gefen da za a binne bututun ruwa ko a kafa turakun lantarki. Inda babu titi babu magudana, inda babu magudana kuwa damina takan zo da ambaliya da kwalara tare. Magani na biyu shi ne rusau, kuma duk wanda ya ga ƙurar da ta tashi a Kano a watan Yunin 2023, da shari'o'in da suka biyo baya, ya san abin da katafila ke jawowa ko da a tsakiyar birni ne, balle a unguwar da talaka ya shekara 15 yana ɗora bulo kan bulo.

Kano tana da kasuwanni da masana'antu da kuɗin shiga, amma duk da haka gyaran ya fi ƙarfinta. Zamfara, wadda ke rayuwa a kan kason wata-wata daga Abuja, da me za ta biya diyyar rushe unguwanni a 2045? Aikin sabunta titunan Gusau da gwamnatin Dauda Lawal ta ɗauko tun 2023 abu ne mai kyau ga tsohon gari. Amma muddin ana gyara tsakiya ana barin gefe ga igiya, to ana biyan bashin jiya ne ana cin na gobe.

Masu cewa tsarin Turawa ne

Akwai masu ganin cewa titi miƙaƙƙe da taswira al'adar Nasara ce, Bahaushe da lungunsa aka san shi. Wannan magana tarihin Musulunci bai goyi bayanta ba. Lokacin da aka kafa birnin Kufa a Iraƙi wajen shekara ta 638, zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, masu tarihi irin su Ɗabari sun ruwaito cewa an tsayar da faɗin hanyoyi kafin a yi gini: manya zira'i 40, masu bi musu 30, sannan 20, lunguna kuwa kada su gaza 7. Zira'i bakwai ɗin nan ma yana da asali a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da hukuncin faɗin hanya idan an yi saɓani. Wajen mita uku da rabi ke nan, gwargwadon abin da raƙuma biyu masu kaya za su gifta juna. Wannan shi ne mafi ƙaranci a zamanin raƙumi. Yau, zamanin tifa da tankar ruwa, akwai lungunan da ba su kai awon raƙumin ba, har sai an karkata makara kafin a fitar da gawa.

Malaman Malikiyya sun yi rubutu mai zurfi a wannan babi. Ibnur Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14, ya tara hukunce-hukuncen gini da hanya da magudana da haƙƙin maƙwabci a littafi guda. A nan gida, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan mallakar ƙasa da harabar da ake bar wa gari da rijiya da jama'a. Littattafan hisba na da sun lissafa hana cin hanya cikin manyan ayyukan mai hisba: rushe dakalin da ya shigo titi, hana zubo ruwan ƙazanta a kan masu wucewa. Kowane ɗalibin islamiyya kuma ya san gargaɗin da aka yi wa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar da ba tasa ba.

Zamfara ce jihar da ta fara shelanta aiki da Shari'a a ranar 27 ga Oktoban 1999 a Gusau, ta kafa hukumar hisba da ta zakka. To ina babin hanya? Mutumin da ya turo katangarsa cikin layi ya ci haƙƙin duk wanda zai bi ta wurin har ranar da aka rushe ta, mutanen da bai san adadinsu ba balle ya nemi yafiyarsu. Da ana jin wannan a kan mumbarin Juma'a kamar yadda ake jin wasu babukan, da rabin aikin ya ƙare.

Masu cewa babu kuɗi

Wannan hujja tana da ƙarfi idan gidaje ake son gwamnati ta gina ko kwalta ake son ta zuba. Abin da ake nema bai kai nan ba. Masana faɗaɗar birane suna ba da shawara mai sauƙi: a dubi inda gari zai kai cikin shekara 30, a ja manyan hanyoyi masu faɗin mita 30 a kan gonakin, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kilomita ɗaya, gabas da yamma, kudu da arewa, ta yadda babu gidan da zai yi nisan fiye da tafiyar minti goma daga babban titi. A cikin kowane murabba'in kilomita, hanyoyin nan ba su cinye fiye da kashi 6 cikin 100 na ƙasar ba. Kayan aikin su ne safiyo, duwatsun iyaka, gireda, da itatuwa.

An gwada, kuma ba a ƙasashen masu arziki kaɗai ba. Habasha ta soma irin wannan a 2013 a biranen Adama da Bahir Dar da Hawassa da Mekele, inda ma'aikatan biranen da kansu suka zana hanyoyin suka buɗe su a matsayin burji. A Valledupar ta ƙasar Kolombiya, itatuwa aka dasa a gefen titunan da ba a gina ba tukuna, domin kowa ya san inda hanya za ta bi. A ƙasar da dogonyaro ke tsiro ko a kan fako, wannan dabara ba ta bukatar ƙwararre daga waje. A Tanzaniya, Bankin Duniya ya tallafa a shekarun 1970 da 1980 aka yanka filaye da tituna a wasu wurare kafin mutane su zo, a wasu wuraren kuma aka shiga gyaran unguwannin da suka riga suka cunkushe. Binciken da aka wallafa a 2021 ya gano cewa bayan shekaru da dama, wuraren da aka tsara tun suna fili sun fi kyawun gidaje da tsari, waɗanda aka gyara daga baya kuwa ba su yi wa sauran unguwannin awon igiya wani nisa ba. Tsibirin Manhattan na birnin Niyu Yok ma a 1811 aka zana masa tituna har 155 a kan gonaki da duwatsu, lokacin mutanen birnin ba su wuce 100,000 ba, kuma a kan wannan zanen yake tafiya har yau.

Saboda haka matsalar ba ta aljihu ba ce. Kuɗin kilomita kaɗan na kwalta ya isa a auna manyan hanyoyin gari guda a kafa musu alama. Matsalar ita ce dutsen safiyo ba ya ɗaukar hoto. Ba a gayyatar makaɗa domin an dasa dogonyaro a gona, kuma wanda zai ci moriyar aikin yaro ne da bai isa jefa ƙuri'a ba.

Inuwar Bakolori

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, kuma duk mai kiran a tsara garuruwan wannan yanki dole ya tsaya a gabanta da ladabi. A wannan ƙasa, ma'aikacin gwamnati riƙe da abin awo yana da tarihi. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Impresit na Italiya aikin madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato, aka kammala ta a 1978. Ruwa ya shanye gidaje da gonakin dubban mutane a ƙasar Maradun, aka kuma karɓe gonakin da ke ƙasan madatsar na tsawon lokaci domin a baje su a ja hanyoyin ruwa. Manoma suka yi ta kukan diyya da rabon ƙasa, har suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da wani abu ne suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Jikokin waɗannan manoma su ne masu gonakin bakin gari a yau. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya yi tsalle.

Dokar ƙasa ma ba ta kwantar musu da hankali. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke haƙƙin mallaka domin amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta gini ce da amfanin gona da abin da aka kashe a kan ƙasar. Manomin da aka karɓe wa gona sukutum aka biya shi kuɗin gero da 'yan itatuwa, ya kuma ga an yanka ta an raba wa manya, ba zai sake jiran safiyo ba. Da ya ji ƙishin-ƙishin gwamnati na tafe, zai kira dillali da dare. Awon igiya, a wani ɓangaren, kariyar kai ce ta wanda ya san halin hukuma.

Darasin Bakolori shi ne a sauya yadda ake karɓar ƙasa. Akwai hanyar da Jamus ta yi wa doka tun 1902, Japan ta gina wani babban kaso na biranenta da ita, jihar Gujarat ta Indiya kuma ta daɗe tana aiki da ita. Ana haɗa gonakin yanki guda a takarda, a ja tituna, a ware filin makaranta da asibiti da kasuwa, sannan a mayar wa kowane mai gona kasonsa gwargwadon abin da ya kawo, an rage masa wani yanki, amma yanzu filaye ne masu fuskantar titi, da takardar mallaka. Ba a kori kowa ba, kuma asarar hanya ta rabu a kan kowa maimakon ta faɗa kan wanda layi ya ratsa gonarsa shi kaɗai. Da wannan tsari birnin Ahmedabad ya samu yawancin ƙasar titin zobensa mai tsawon kilomita 76 a farkon shekarun 2000. Manomin can na farko da ya ƙi sadaukar da fuloti 13 zai sake lissafi idan ya ga fuloti 30 masu titi da takarda sun fi 43 na cikin lungu daraja. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin haka ake rabon gado: a tara, a fitar da haƙƙoƙi, a ba kowa rabonsa a gaban shaidu.

Akwai kuma abin da ya kamata ya sa a ji kunya. Filayen noman rani na Bakolori suna da taswira, kowace babbar hanyar ruwa da hanyar mota a gefenta, har Bankin Duniya ya sake zuba kuɗin gyara su a ƙarƙashin shirin da aka amince da shi a 2014. An san yadda ake auna wa shinkafa hanya a wannan yanki tun shekara 40 da suka wuce. Mutanen da ke noma ta ne ba a auna wa ba.

Wuyan wa abin yake

Doka ba ta bar wurin ɓuya ba. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, don haka babu zancen jiran Abuja. Dokar 1978 ta ba gwamna ikon ayyana wane yanki ne birni, ƙasar da ba ta shiga ciki ba kuwa tana hannun ƙaramar hukuma. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina tituna da magudanu, har da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta kuma ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Shugaban ƙaramar hukumar da ke neman abin da zai fara da shi, ga shi a bakin garinsu.

Abin da ake bukata a bayyane yake. Jiha ta zana manyan hanyoyin faɗaɗar Talata Mafara da Bakura da Maradun da garuruwan da ke bi musu, na shekara 30, a liƙa taswirar a sakatariya da fadar sarki da ƙofar masallacin Juma'a, da Hausa, boko da ajami, domin taswirar da ke ɓoye a aljihun tebur hanyar cinikin 'yan ofis ce. A kafa duwatsu, a dasa itatuwa, gireda ta bi ta share duk rani, a bar manomi ya ci gaba da shuka a kan filin har ranar da ake bukatarsa. A tsayar da mafi ƙarancin faɗin layin cikin unguwa, kada kuma hakimi ko dagaci ko mai unguwa ya sa hannu a takardar cinikin da ta saɓa masa. Sarakuna su ne mabuɗin wannan aiki, domin babu fulotin da ke sauya hannu ba da sanin mai unguwa ba, kuma wanda ke karɓar kuɗin shaida ya karɓi amanar hanya tare da su. Dillalai a yi musu rajista, wanda ya yanka hanya ya sayar a karɓe izininsa. Kuɗin takardar gwamnati kuma a sauko da shi inda talaka zai iya, domin tsarin da ya fi ƙarfin aljihun mutane shi ne babban mai tallata igiya.

Saura 'yan boko, ma'aikata da malaman jami'a da likitoci da 'yan kasuwa, waɗanda suka iya kwatanta titunan Abuja da na Madina a wurin hira. Da yawansu suna da fuloti biyu ko uku a awon igiya, sun saya sun ajiye suna jiran ya yi tsada. Kuɗinsu ne ke gaya wa dillali cewa fili marar hanya yana da kasuwa. Ranar da masu ilimi suka fara tambayar faɗin layi da inda ya ɓulle kafin su tambayi farashi, igiya za ta fara barin hanya da kanta. Su ne kuma ke zama a gaban 'yan takara lokacin zaɓe. Maimakon tambayar kilomita nawa za a shimfiɗa, sai su tambayi ina taswirar, ina duwatsun, wa ya sa hannu a madadin masu gonaki.

Da an kafa waɗannan duwatsu a 1999, da yaron da aka haifa a shekarar yau yana gina gidan aurensa a bakin titi mai inuwa. Ba a kafa ba, kuma babu mai dawo da waɗancan gonaki. Waɗanda suka rage a kewayen Dosara da Jangebe da Lambar Bakura da bayan Talata Mafara za a girbe su bana, rani ya shiga, dillalai su fito da igiyoyinsu. Tun ran gini ake zane, kuma ana kan ginin.